Yadda ake kame pon ɗin baya a mota mai ƙarfin inji

Duk wanda ya ƙara wa mota ƙarfi, ko ya ɗora mata injin da ya fi nata na asali, daga baya za ta fara yi masa ƙorafi. Ka ba ta wuta daga tsaye, sai ka ji ƙafafun baya suna dukan ƙasa kamar ana sussuka, kardan, wato dogon ƙarfen da yake kai juyin inji zuwa ƙafafun baya, yana kuka, wani lokaci kuros ɗinsa, wato gaɓar da yake lanƙwasa a kanta, ya ɓalle. Ko kuwa ka shiga kwana ka ji gindin motar ya goce gefe kafin tayoyi su kama. Mutane sukan ruga su sauya amortisa, abin da yake shanye girgizar mota, ko taya, alhali yawanci pon ne, wato aksil ɗin baya mai haɗe ƙafafu biyu da ƙarfe ɗaya, yake zuwa inda ba a aike shi ba.

Motsi biyu kaɗai aka yarje wa pon: ya hau ya sauka, kuma ya karkata, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Waɗannan ukun kuwa hana shi ake yi: zuwa gaba da baya, gocewa gefe, da murɗewa a kan kansa. Wannan na ƙarshen shi ne babban abokin gaban mota mai ƙarfi. Idan taya ta juya gaba, kwanson pon yakan so ya juya baya, sai hancin pon, inda kardan yake shiga, ya ɗaga sama. Duk tsarin da za mu ambata dabara ce ta tare waɗannan ukun ba tare da an taɓa biyun farko ba. Motocin da kowace ƙafar baya take cin gashin kanta, irin Mercedes 190 da ƴan'uwanta, zancensu daban ne, ba su muke nufi ba.

Kafin ka yanka ko ka yi walda, auna. Ka sami daɓen siminti mai daidai, ka cika tanki rabi, ka sa nauyin direba a kujerarsa, buhun siminti ɗaya da rabi ya wadatar. Da igiyar magina mai dalma ka sauke alama a ƙasa daga tsakiyar kowace ƙafa da kuma wasu ramuka biyu na shasi masu kama da juna a dama da hagu. Ka auna gicciye, daga gaban dama zuwa bayan hagu, sannan akasin haka. In bambancin ya wuce milimita 3, pon ɗin ya riga ya karkace, kuma ko wace irin sanda ka sa ba za ta gyara tafiyar kaguwa ba sai an daidaita wannan. Sannan ka sa ƙarfen banƙara a jikin kowane silanbulok, wato robar da take cikin gaɓar lam ko sanda, ka danna. Zafin watan Afrilu da Mayu a Tawa yana busar da roba ta tsattsage, kuma sau da yawa duk rawar da motar take yi daga nan take.

Lam

Tsarin da ya fi yawa a titunanmu shi ne lam, sifirin mai ganye, irin na bayan Hilux da Land Cruiser 79. Masana suna kiransa tsarin Hotchkiss, daga sunan wani kamfanin motoci na Faransa. Lam shi kaɗai yake ɗaukar nauyi, ya tare gaba da baya, ya tare gefe, ya kuma tare murɗewa. Jaki ne mai kaya huɗu, kuma na huɗun ne yake kayar da shi. Da ƙarfi ya zo, rabin lam na gaba yakan lanƙwashe kamar maciji, ya tara ƙarfi, taya ta suɓuce, ya sake da ƙarfi, taya ta sake kamawa, a koma farko. Tsallen da kake ji ke nan. A yashi mai laushi ya fi muni, don taya tana kamawa tana saki sau da dama a daƙiƙa ɗaya.

Gyara yana farawa daga mai araha. Ƙarafan da suke ɗaure lam da pon, masu siffar U, a sa sababbi, don wanda aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe. A ɗaure su gicciye kaɗan-kaɗan, a sake dubawa bayan tafiyar farko. In an sa tubalin ƙarfe tsakanin lam da pon don ɗaga motar, a cire shi. Nisan da ya ƙara tsakanin lam da tsakiyar taya tamkar ƙara tsawon sifana ne, murɗewar sai ta ƙaru. Bayan haka a taurara rabin lam na gaba kawai: a ƙara ganye ɗaya dogo da zai kai har ƙarƙashin idon gaba, wato zoben da lam yake kama shasi da shi, a kuma ƙara maɗauri ɗaya ko biyu a wannan rabin, a bar rabin baya sake domin motar ta ci gaba da laushi. Amortisa kuma ɗaya a gaban pon, ɗaya a bayansa, kamar yadda masu ƙera Hilux suka yi, don su riƙa shanye murɗewar ta fuska biyu.

In duk wannan bai isa ba, sai sandar hana murɗewa. Akwai irin ta masu tseren miƙe a Amurka, wadda ake ɗaurewa ƙarƙashin lam, mai dunƙulen roba a gaba da yake dukan idon lam. A kwalta tana aiki, amma tana rataye ƙasa, kuma dutsen farko a hanyar Keita zai tafi da ita. Wadda ta dace da mu ita ce sanda ɗaya mai siffar tsani, kusa da tsakiyar pon, mai kama shi a wuri biyu, sama da ƙasa, gabanta kuma a rataye da ƴar marata mai lilo irin ta bayan lam. Wannan maratar ita ce sirrin. Lam yana tsawo yana gajarta yayin da yake aiki, sanda kuwa ba ta yi. In ka kafe gabanta kai tsaye a shasi, su biyun za su yi ta jayayya har walda ta tsage.

Sanduna da sifirin nannaɗe

A nan an raba aikin. Sifirin nauyi kawai yake ɗauka, sanduna su kame pon. Wanda aka fi sani shi ne sanduna huɗu a miƙe, biyu ƙasa biyu sama, da ta biyar a gicciye mai tare gefe. Shi ne a bayan Land Cruiser 80, da Patrol Y61, da Corolla AE86 ta 1983 zuwa 1987 wadda masu wasan zamiya suke ji da ita. Yana da ƙarfi, kayansa kuma suna samuwa a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota a Yamai. Aibinsa shi ne in motar ta karkata, sandunan huɗu ba sa yarda da juna gaba ɗaya, musamman in na sama gajeru ne. Robar silanbulok ce take shanye saɓanin. Shi ya sa wanda ya cire roba ya sa abu mai tauri a duk bakuna takwas yakan ga motar tana ɗaga ƙafar ciki a kwana, ko mazaunin sanda ya yage daga jikin shasi.

Akwai mai sanduna huɗu da na samansa suke a karkace, suna haɗuwa kusa da tulun pon, wato kumburin tsakiyarsa inda kardan yake shiga, kamar bakin almakashi. Karkacewar ce take tare gefe, don haka ba a buƙatar sandar gicciye. Mustang ta kamfanin Ford ta yi amfani da shi daga 1979 zuwa 2004. Yana tsimin wuri, amma sandunan sama suna aiki biyu lokaci ɗaya, suna cijewa, kuma cibiyar da gindin motar yake karkata a kanta a kwana takan hau sama sosai. Har sai da Ford ya ƙara wasu ƙananan amortisa biyu a kwance a tsakiyar shekarun 1980 don rage tsallen taya. Ba ma ba da shawarar a gina shi daga farko.

Sanduna uku, biyu ƙasa ɗaya sama, da ta gicciye: wannan shi ne wanda Mustang ta koma daga 2005 zuwa 2014, kuma a ganinmu shi ya fi kowane dacewa da wanda yake son kwana da gudu a hanya marar kyau. Ba ya cijewa ko kaɗan, don babu sandar da ta yi yawa. Sai dai duk ƙarfin murɗewa yana bi ta sanda ɗaya, tana jan mazauninta da dukan ƙarfin inji. A kwanon bene na mota ba za a kafa ta ba. Sai an gitta ƙarfe mai kauri daga wannan gefen shasi zuwa wancan, kuma sau da yawa sai an yanka ƙarƙashin kujerar baya don ta sami tsawo.

Ɗan'uwansa shi ne dogon hannu guda da ake ɗaurewa kam a tulun pon, ya bi gefen kardan har kusa da akwatin giya, irin na Camaro daga 1982 zuwa 2002. Tsofaffin direbobin tasha sun san kakansa: Peugeot 404 da doguwar 504 ta ɗaukar fasinja, inda kardan yake tafiya cikin bututun ƙarfe, bututun ne kuma yake hana pon murɗewa. Gaban hannun dole ya sami damar zamewa gaba da baya, kuma in an gajarta shi da yawa, sai tsallen ya koma lokacin taka birki. Sandunan tsani biyu, ɗaya a kowane gefe, na tseren miƙe ne kawai. Suna mayar da pon ƙarfe marar karkata. A gargada ba su da wurin zama.

Sandar Panhard, inda aka fi yin kuskure

Sandar gicciyen nan sunanta Panhard, ita ma daga kamfanin motoci na Faransa. Baki ɗaya a shasi, ɗaya a pon. Da yake a kan baka take lilo, duk lokacin da pon ya hau ko ya sauka sai ta ɗan ja shi gefe. Lissafin ba wuya: ka ninka nisan hawan da kansa, ka raba da tsawon sandar sau biyu. Sanda mai mita 1 da take kwance daidai, in pon ya hau milimita 100, gocewar milimita 5 ce, ba wanda zai ji. In sandar milimita 600 ce, gocewar ta haura 8. Yanzu ka ɗauki waccan mai mita 1, amma an ɗaga motar har bakin shasi ya fi na pon tsayi da milimita 100. Tun a tsaye pon ya riga ya goce milimita 5. In ya ƙara sauka da 75, sai ya ƙara gocewa da wajen milimita 10, in ya hau kuma ya koma ɗaya gefen. Ka kwatanta wannan a gudun 100 a hanyar Tawa zuwa Abalak inda kwalta ta yi tudu da kwari: kowane tudu sai gindin motar ya yi kaɗa-kaɗa, direba yana ta gyara sitiyari bai san dalili ba.

Nan ne masu ɗaga mota suke ruɗuwa. Sanda mai zare da ake ƙara wa tsawo tana mayar da pon tsakiya lokacin da motar take tsaye, amma ba ta kwantar da sandar ba, saboda haka kaɗawar tana nan. Maganin shi ne a matsar da mazauni: a ɗaga na jikin pon ko a sauke na jikin shasi, har sandar ta kwanta daidai da direba a ciki. Su biyun ba ɗaya ba ne. Inda sandar ta ratsa tsakiyar motar, nan ne cibiyar da gindin motar yake karkata a kanta. Ka ɗaga mazaunin pon, cibiyar ta hau, jikin motar ya rage kwanciya a kwana, amma baya ya fi saurin suɓucewa. Ka sauke na shasi, cibiyar ta sauka, baya ya ƙara kamu, jiki ya ƙara kwanciya. Ga doguwar mota da aka ɗaga, ɗaga na pon ya fi. Ga ƙaramar mota ta kwalta mai yawan juya gindi, a sauke. Duk mazaunin da aka tsawaita a yi masa tokara zuwa ɗaya gefen shasi, don duk nauyin bayan motar a kwana ta nan yake bi.

Panhard tana da wani hali da ba a raba ta da shi: kwanar dama da ta hagu ba sa zama ɗaya, don a ɗaya cibiyar tana ɗan hawa, a ɗayar tana sauka. Da doguwar sanda a kwance, sai gwanin direba ne zai lura.

Wanda ba ya son ko wannan sai ya koma tsarin Watt, dabarar da James Watt ya yi wa rajista a 1784 don injin tururi. Wani ɗan ƙarfe ne mai juyawa a tsakiya, a bayan tulun pon, da sanduna biyu, ɗaya daga kansa zuwa dama, ɗaya daga gindinsa zuwa hagu. Jan da ɗaya take yi, ɗayar tana warware shi, sai pon ya hau ya sauka a miƙe. Mazda RX-7 ta farko tana da shi, haka ma Ranger Raptor. Sharaɗinsa sandunan su zama tsawo ɗaya, a kwance, kuma a layuka masu tafiya tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kuɗinsa kuwa gaɓoɓi biyar a maimakon biyu, da wurin da tayar safaya ko salansa suke zaune, ga kuma ƙurar hunturu da take cin abin juyawar tsakiya. In pon ɗinka yana tafiya mai tsawo sama da ƙasa, ko kana tsere a fili mai kwanoni ta kowane gefe, ya cancanci wahalar. In ba haka ba, Panhard mai tsawo ta ishe ka.

Kusurwar sanduna da tsugunno

Idan mota ta zabura, nauyi yana komawa baya, kuma babu sandar da take sauya yawansa. Mota mai kilo 1000, tsakanin ƙafafun gaba da na baya milimita 2400, cibiyar nauyinta a tsayin milimita 500, in ta zabura da rabin ƙarfin da ƙasa take jawo abin da ya faɗo, wajen kilo 104 ne suke komawa baya. Abin da sanduna suke sauyawa shi ne hanyar da nauyin zai bi: ta sifirin, motar ta tsugunna, ko ta sanduna, ta tsaya cak.

Ga yadda ake ganewa. Ka auna tsayin kowane bulon na sandar sama da ta ƙasa daga daɓe, da nisansa daga tsakiyar pon. Ka zana su a kwali, milimita 10 na mota ya zama 1. Ka ja layin sandar sama da na ta ƙasa zuwa gaba har su haɗu. Sannan ka ja wani layi daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa wani ɗigo a saman ƙafar gaba, a tsayin cibiyar nauyi. In mahaɗar sandunan ta faɗo kan wannan layin, motar ba za ta tsugunna ba, ba za ta ɗaga ba. Shi ake kira kashi 100 na hana tsugunno. A misalinmu, mahaɗa mai nisan milimita 1200 da tsayin 250 daidai take a kan layin. In tana ƙasa da shi, motar za ta tsugunna. In tana sama, gindi zai ɗaga ya danna taya da ƙarfi.

Masu tseren miƙe a kwalta mai kamu suna son sama da 100. A burji da gargada wannan yana taurara baya daidai lokacin da kake son taya ta bi ƙasa, kuma yana kawo tsalle a birki. Mu mun fi son tsakanin kashi 50 da 80. Ka yi wa mazaunin gaban sandar sama ramuka uku, tazarar milimita 20 zuwa 25. Sauke shi rami ɗaya yana jawo mahaɗar kusa, ya ƙara kason.

Sandar ƙasa kuwa a bar ta kwance, ko gabanta ya ɗan ɗaga kaɗan. In gabanta ya yi sama da yawa, kamar yadda yake faruwa a motar da aka ɗaga, to a kwana ƙafar waje tana komawa baya, ta ciki tana zuwa gaba, pon ya juya ya kalli wajen kwanar, gindi ya nemi wuce kai. In motar aka sauke har gaban sandar ya koma ƙasa da bayanta, kamun tashi ne yake raguwa. Sai a yi wa mazaunin jikin pon ƙari zuwa ƙasa.

Ƙarfe, roba da kusurwar kardan

Bututun ruwa ba ya zama sanda. A nemi bututu marar ɗinki mai kaurin jiki milimita 4 ko fiye, faranti na mazauni milimita 5 zuwa 6, kuma kowane bulon ya ratsa faranti biyu, sandar tana tsakiya. Bulon a duba kansa a ga 10.9, na kasuwar Katako da ba shi da lamba a bar wa ƙofar gida. Walda a jikin pon a yi ta guntu-guntu, ana tsallakawa daga gefe zuwa gefe ana bari ya huce, in ba haka ba bututun pon zai lanƙwashe ya riƙa cin boris da taya.

Gaɓa mai ƙwallon ƙarfe, irin ta motocin tsere, ba ta da wasa kuma ba ta cijewa, amma ba ta da kariya daga ƙura, kuma a ƙasarmu ba ta daɗewa kafin ta fara ƙwaƙwas. In za a sa, a sa a baki ɗaya da rigar roba, ɗaya bakin a bar silanbulok. Kada a ƙarasa ɗaure bulon ɗin silanbulok motar tana rataye a kan jak. A sauke ta kan ƙafafunta tukuna, don in an ɗaure a rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin ƴan makonni.

Duk abin da ka taɓa, ka koma kan kusurwar kardan. Ma'aunin karkata na cikin waya ya isa. Manufa ita ce lokacin da inji yake ja, hancin pon da wutsiyar akwatin giya su zama a layi mai tafiya tare, bambancin kusurwar kuros na gaba da na baya bai wuce digiri 1 ba, kowannensu kuma tsakanin rabin digiri da digiri 3. Tunda hancin yana ɗagawa da an ba da wuta, a tsaye ake sunkuyar da shi: digiri 2 zuwa 3 a lam, ko fiye in lam ɗin mai laushi ne injin kuma babba, digiri 1 zuwa 2 a sanduna masu roba, ƙasa da haka a gaɓoɓin ƙarfe. A lam da ƴar tsinkar ƙarfe mai gangare ake gyarawa, ta ƙarfe ba ta sanholo ba, don ta sanholo tana fashewa. A sanduna kuwa da zaren sandar sama. Kunne ma yana faɗa: in karkarwa tana zuwa lokacin ba da wuta, hancin ya yi sama da yawa, in sai ka ɗaga ƙafa take zuwa, ya sunkuya da yawa.

Kafin ka mayar da sifirin, ka ɗaga pon da jak har ƙarshe, ka sauke shi har ƙarshe, sannan ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kana duba tiyon birki, kardan, da wurin da Panhard take wuce tulun pon. Bayan an haɗa, ka ɗiga farin fenti a kan kowane noti da farantinsa, ka shafa alli a cikin mazaunin taya. Ka yi tafiyar kilomita 50 da ta haɗa kwalta da burji, da tashi mai ƙarfi sau uku da birki mai ƙarfi sau uku a wurin da ba mutane ba dabbobi. In ka dawo, fentin da ya rabu biyu noti ne da ya juya, allin da ya goge kuma gefen da pon yake gocewa ne, ta nan za ka fara gyara tsawon Panhard, rabin juyi a lokaci guda.